Shirin girkin Sinawa mai barkwanci: ana koyon girki a cikinsa kuwa?

Maman Hanifa, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar girki. Yarana sun nuna mini tsofaffin shirye-shiryen Yan Can Cook a YouTube, inda mai gabatarwa, Martin Yan, yake yanka kayan lambu da wata faffaɗar wuƙa cikin tsananin sauri, yana zuba barkwanci, 'yan kallo suna ta dariya. Shin irin wannan shiri yana koyar da girki da gaske, ko nishaɗi ne kawai? Sannan mu da muke Jos, za mu iya yin wannan abinci da kayan kasuwarmu ba tare da mun taɓa haram ba?

Malam Ɗanjuma, Bukuru:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Na yi aikin kuku a otal shekaru da dama, kuma ina tabbatar miki cewa mutumin nan ya san sana'arsa. An haife shi a birnin Guangzhou na kudancin Sin a 1948, ya yi karatun kimiyyar abinci a jami'ar Kaliforniya da ke Davis, kuma shirin ya fara fitowa a tashar PBS ta Amurka a 1982. Barkwancin yana da amfani, domin a lokacin Amurkawa da yawa suna ganin girkin Sinawa abu ne mai wuya, shi kuwa sai ya cire musu tsoro har suka yarda su gwada.

Idan za ki sake kallo, ki bar fuskarsa ki dubi hannunsa. Za ki ga yana lanƙwasa yatsun hannun da ya riƙe albasa da shi, gefen wuƙar yana jingine da gaɓoɓin yatsun, ta yadda kaifin ba zai kai ga farce ba. Za ki kuma lura cewa komai ana yanka shi girma ɗaya, saboda suyar ba ta wuce 'yan mintuna, kuma idan wani yanki ya fi wani kauri, ɗaya zai ƙone ɗaya bai nuna ba. Saurin kam kada ki kwaikwaya, aikin shekaru ne.

Hajiya Binta, Rayfield:
'Yar'uwa, batun haram yana da sauƙin warwarewa idan an kula. Abubuwa biyu ne suke yawan fitowa, naman alade da giyar shinkafa da suke jiƙa nama a ciki. A madadin na farko ki sa kaza ko naman sa, na biyun kuma ki bar shi, ki ƙara ɗanyar citta da romon kaza. Ki riƙa karanta jikin kwalbar miyar waken soya kafin ki saya, domin wasu kamfanoni suna ƙara barasa a ciki. Akwai ma Musulmi miliyoyi a ƙasar Sin, irin su 'yan ƙabilar Hui, waɗanda taliyarsu ta naman sa ta birnin Lanzhou ta shahara a faɗin ƙasar.

Kayan lambu kuwa Allah ya hore mana. Kabeji, karas, koren tattasai, koren wake da albasa mai lawashi duk suna nan a Farin Gada da sassafe.

Abu Sadik, Nasarawa Gwom:
Na yarda da Malam Ɗanjuma, amma akwai abin da shirin yake ɓoyewa, wanda ya kamata Hajiya ta sani. Kafin a kunna kyamara an riga an wanke komai, an auna, an jera a ƙananan kwanuka, shi ya sa aikin yake kama da wasa. A gida dole ki gama wannan shiri duka kafin ki ɗora kasko, domin da zarar mai ya yi zafi babu damar komawa yankan tafarnuwa.

Wuta ma tana da muhimmanci. Ƙaramin murhun gas ba ya kai zafin da ake bukata, saboda haka ki riƙa soyawa kaɗan-kaɗan, idan ba haka ba kabejin zai saki ruwa ya koma dafaffe. Idan soyayyar shinkafa za ki fara da ita, ki dafa ta tun jiya ta kwana a firji, man riɗi kuma ki ɗiga shi bayan kin sauke.