Sauraron waƙata ya haura dubu ɗari amma kuɗin bai taka kara ya karya ba, in sa hannu a wannan yarjejeniyar?

Sabuwar_Murya ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wanda ya san harkar nan ciki da bai ya warware mini wani abu. Ni mawaƙi ne, ba na ƙarƙashin kowane kamfani, da kuɗin aljihuna nake shiga sutudiyo. Waƙoƙina takwas suna kan manhajojin sauraro ta hannun wani dillalin intanet da nake biya duk shekara. Ɗaya daga ciki Allah ya ɗaga ta, sauraronta ya haura dubu ɗari. Na sha karantawa cewa duk sauraro ɗaya yana kawo tsakanin dala 0.003 zuwa 0.005, na buga lissafi na ga aƙalla dala 300 ya kamata ta shigo. Abin da na gani ko kusa bai kai ba, ko kuɗin ɗaukar waƙar bai mayar ba. Dillalin ne yake yi mini ƙwange, ko dama haka abin yake?

Sai na biyu, wanda shi ne ya hana ni barci. Wani ƙaramin kamfani ya neme ni. Za su ba ni kafin alƙalami, su ɗauki nauyin bidiyo da talla, amma masta ɗin waƙoƙin nan takwas, wato asalin ɗaukar da aka yi a sutudiyo, ya zama nasu, haɗe da duk wadda zan yi nan da shekara biyar. Kasona 20 cikin ɗari. Furodusana ya ce in yi maza in sa hannu kafin su canza shawara. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba.

Tsohon_Injiniya ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka cire wannan 0.003 ɗin daga ranka, babu manhajar da ta yi maka alkawarinsa. Matsakaicin lissafi ne da mutane suke fitarwa bayan an gama rabo.

Ga yadda abin yake a Spotify, kuma yawancin sauran haka suke. Kowane wata, a kowace ƙasa, ana tara kuɗin masu biyan wata-wata da kuɗin talla. Kamfanin ya riƙe wajen kashi ɗaya cikin uku, sauran kusan biyu cikin uku a raba wa masu haƙƙi gwargwadon kason kowa a cikin jimillar sauraron wannan ƙasar. Wato waƙarka ba ta da farashi, kaso take da shi. Idan masu jin ka suna ƙasar da kuɗin wata yake da araha, ko yawancinsu na kyauta suke amfani da shi suna jure talla, to sauraronsu dubu goma zai iya kasa kai darajar dubu biyu na masu biya a Amurka ko Ingila. Ka buɗe rahoton da dillalinka yake aiko maka, ka dubi layin ƙasashe. Ina kyautata zaton a nan amsarka take. Ka kuma sani sai an ji daƙiƙa 30 ake ƙirga sauraro, kuma tun Afrilun 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a cikin wata 12 ba, Spotify ba ya biyan ko sisi a kan ɗaukarta. Mai yiwuwa wasu cikin sauran bakwai ɗin naka suna ƙasan wannan layin.

Ni na fara aikin nan lokacin kaset da faifan CD. A wancan zamanin mutum ya saya sau ɗaya an gama, ko ya ji sau dubu ko ya jefa a akwati, kuɗinka ya riga ya shiga. Manhajar musayar waƙoƙi ta Napster ta zo a 1999 kowa ya koyi ɗauka kyauta, shagon waƙoƙin intanet na iTunes ya zo a 2003 da waƙa ɗaya santi 99, albam ya tarwatse. Ciniki ya yi ta zubewa har 2014, inda kuɗin waƙoƙin da aka ɗauka a duniya baki ɗaya ya faɗi ƙasa da dala biliyan 15. Sutudiyo nawa na ga an rufe a shekarun nan, ba na son tunawa. Ƙungiyar kamfanonin waƙa ta duniya, IFPI, ta ce a 2024 an samu dala biliyan 29.6, kuma kashi 69 cikin ɗari daga sauraron intanet ne. Kuɗi kam ya dawo, har ya fi da. Sai dai tsarin rabon ya fi yi wa mai tarin waƙoƙi daɗi, shi ya sa manyan kamfanonin waƙa, Universal da Sony da Warner, suke kwashe mafi tsoka. Wanda ya biya kuɗin wata ya kwana yana jin waƙarka kai kaɗai, yawancin kuɗinsa wurin manyan taurari zai tafi. Manhajar SoundCloud ta gwada wani tsari a 2021 inda kuɗin mai sauraro yake bin wanda ya saurara, amma manyan manhajoji irin su Spotify ba su bi sahu ba.

Gargaɗi ɗaya: duk wanda ya ce ka biya shi ya ƙara maka sauraro, ka guje shi. Na'urori ne, idan aka gano za a sauke waƙar. A 2024 an gurfanar da wani a Amurka bisa zargin ya tara sama da dala miliyan 10 da waƙoƙin ƙirƙirarriyar basira da sauraron bogi, kuma irin wannan kuɗin daga rabon su kai ake zaftare shi.

Anti_Lauya ta rubuta:

Ɗana, Malam Injiniya ya gama da ta farko, bari in taɓa ta biyun.

Kafin alƙalami ba kyauta ba ce, bashi ne da ake cirewa daga kasonka, ba daga jimillar abin da waƙar ta kawo ba. Mu ƙaddara kuɗin hannu da bidiyo da talla sun tashi dala 5,000. Da kaso 20 cikin ɗari, sai waƙoƙin sun kawo dala 25,000 kafin a ce ka biya, a lokacin kamfani ya riga ya riƙe dukkan 25,000 ɗin, kai kuma ba ka ƙara ganin komai ba bayan na farko. Kuma ko bayan ka biya, masta nasu ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sannan kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta: na ɗauka, wato masta, da na rubutu, wato baiti da karin waƙar. Dillalinka na ɗauka kawai yake karɓo maka, sai in ka yi wata rajista daban. Na rubutu ta hannun ƙungiyoyin karɓar haƙƙin marubuta yake bi, kuma matasa da yawa suna barinsa a can don ba su san da shi ba. Ka duba takardar da kyau, kada a cusa na rubutun a cikin wani sakin layi.

Me ya sa kowa yake farautar masta? Domin yanzu tsohuwar waƙa ba ta mutuwa, tana ɗigo da kuɗi duk wata. Shi ya sa Universal ta sayi haƙƙin rubutun waƙoƙin mawaƙin Amurka Bob Dylan a 2020 a kan abin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 300. Mawaƙiyar Amurka Taylor Swift kuwa, da aka sayar da kamfanin da ya mallaki masta ɗin albam shida na farkonta a 2019, sai da ta sake ɗaukar huɗu daga ciki, sannan ta saye su duka a 2025. Ita tana da ƙarfin yin haka, kai fa?

Ɗan_Ganga ya rubuta:

Anti, da girmanki, amma ni ban ga abin tsoro sosai ba. Kullum ana ta ce wa yara ku riƙe masta, ku riƙe masta. Masta ɗin waƙar da ba wanda ya ji me zai tsinana? Kusan waƙoƙi dubu 100 ake ɗorawa kowace rana. Ɗorawa ta zama banza, a ji ka shi ne tsada, kuma wannan kamfani ne yake iya saye. Ni makaɗi ne, abincina a dandamali yake. Sauraron intanet talla na ɗauke shi, kuɗi yana wurin wasa da tikiti da kamfanonin da za su ce ka tallata musu kaya. In bidiyon da za su yi masa zai sa a fara kiransa wasa, to 20 ɗin nan ta fi 100 ɗin da yake riƙe da ita yanzu.

Tsohon_Injiniya ya rubuta:

Ɗan Ganga, ka tuna 2020 da aka rufe wuraren wasa saboda korona? Waɗanda suka ɗan numfasa masu haƙƙi ne. Kuma kamfanoni sun daɗe da gano inda kake nufi, akwai yarjejeniyar da ake kira 360, wadda suke cin kaso har a kuɗin wasa da talla.

Sabuwar_Murya ya rubuta:

Na gode ƙwarai. Baba Injiniya, na duba rahoton, gaskiyarka ce, yawancin masu ji na kyauta ne, kuma waƙoƙi huɗu ba su kai dubu ba. Anti, na sake karanta takardar, akwai inda aka ce suna da kashi 25 na "duk kuɗin shigar mawaƙi a harkar nishaɗi". Amma maganar Yaya Ɗan Ganga ma tana kan hanya, ni kaɗai ba zan iya bidiyo mai kyau ba. Akwai tsaka-tsaki?

Anti_Lauya ta rubuta:

Akwai. Wannan layin da ka karanto shi ne 360 ɗin, ka nemi a cire shi ko a taƙaita shi ga wasannin da su suka samo maka. Maimakon sayarwa, ka ba su lasisi na shekaru ƙayyadaddu a kan waƙar da ta tashi da sababbi biyu ko uku, wa'adi ya cika masta ya dawo hannunka. Tunda kai ka biya kuɗin ɗauka, neman rabi da rabi bayan an cire abin da aka kashe ba rashin kunya ba ne. A rubuta iyakar abin da za su kashe da sunanka, a rubuta za su riƙa ba ka rahoto duk wata uku ko shida, da 'yancin ka kawo akanta ya duba littafinsu. Ka kuma tambayi furodusan naka ko yana da la'ada a cinikin nan, saurin nasa ya yi yawa. Shi kansa ku rubuta kasonsa a waƙoƙin tun yanzu. Kada ka sa hannu sai lauyan da kai ka biya ya karanta, ba nasu ba.