Kariyata ta tukunya tana zubar da ganye, gindinta ya fara laushi

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kula da fulawa. Don Allah shawara nake nema a kan kariya, irin mai auren nan da furenta yake ninki-ninki, ja da ratsin fari. A watan Yuni na saye ta a wurin masu sayar da fulawa na bakin titi a nan Kaduna. Na juye ta daga leda zuwa robar fenti, na bar ƙasar da ta zo da ita, na ƙara baƙar ƙasar lambu. Tana tsakar gida ruwan sama na dukanta, ranar da ba a yi ruwa ba kuma ina ba ta da yamma. Yanzu ga shi muna tsakiyar Agusta, ganyen ƙasa ya yi rawaya yana zuba, furen da ta ɗauko ya kakkaɓe tun bai buɗe ba. Jiya da na danna gindin ta gefe ɗaya sai na ji ya lotsa kamar nunanniyar gwanda. Taki ne ya yi mata kaɗan, ko cuta ce? Za ta tashi kuwa? In ta tashi, yaya zan yi ta riƙa fure sosai?

Baba Mai Lambu:

Wa'alaikumus salam Hajiya. Kada ki sa mata taki ko ƙwaya ɗaya. Ruwa ne ya yi mata yawa, saiwar ta fara ruɓewa, ruɓewar kuma ta hau gindi. Kariya 'yar ƙasar fari ce, a daji tana fitowa a kan tsakuwa da tsakanin duwatsu tun daga yankin Sahel har gabashin Afirka da kudancin ƙasar Larabawa. Wannan kumburarren gindin rumbun ruwanta ne. Tana iya yin makonni ba a ba ta ruwa ba ta zauna lafiya, amma in saiwarta ta kwana a caɓi na 'yan kwanaki, iska ta daina isa gare ta, sai ta mutu, ƙwayoyin cuta su shiga ta nan. Ganyen da kika ga yana rawaya ƙishi yake ji a tsakiyar ruwa, domin saiwar da za ta ja ruwan ta riga ta lalace. Abin da ke yaudarar mutane ke nan, su ga ganye ya yi yaushi su ƙara ruwa.

A yau ɗin nan ki fitar da ita, kada ki jira gobe. Ki kife robar, ki zare ta gaba ɗaya, ki kakkaɓe ƙasar, ki wanke saiwar da ruwa har ki ga komai sarai. Saiwa mai lafiya fara ce ko ruwan madara, kuma da tauri. Wadda ta ruɓe baƙa ce ko ruwan ƙasa, tana saɓulewa a hannu, tana wari. Ki samo wuƙa mai kaifi ko sabuwar reza, ki goge ta da sipirit ko ki gasa bakinta a wuta. Ki yanke duk saiwar da ta mutu, sannan ki koma kan gindin ki fere wurin da ya lotsa, kina yanka siriri siriri har ki iso fari tas, babu ɗigon baƙi ko jan zare a ciki. Bayan kowane yanka ki sake goge wuƙar, in ba haka ba da hannunki za ki kai cutar wuri mai lafiya. Kada tausayi ya sa ki bar ɗan tabo, ɗan tabon nan shi zai cinye sauran.

In kin gama ki barbaɗa garin farar wuta a kan yankan, ko maganin ruɓewa na gari da ake samu a shagon kayan noma. Sai ki rataye ta ko ki kwantar da ita a kan kwando a inuwa, wurin da iska ke wucewa kuma feshin ruwa ba ya isa. A wannan lokaci na marka ki ba ta kwana bakwai zuwa goma, har yankan ya bushe ya yi ɓawo mai tauri. Za ta ɗan motse, sauran ganyen ma zai zube, ba komai ba ne. Kullum ki duba. In kin ga baƙi ya sake ɓullowa a bakin yankan, ki ƙara ferewa ki sake ƙirga kwanakin daga farko.

Ki sa safar hannu ko ki ɗaura leda kafin ki fara. Ruwan jikin kariya guba ne mai taɓa zuciya, da shi maharba a wurare da yawa na Afirka suke haɗa dafin kibiya. Kada ya shiga ido ko baki ko ciwo, kuma gutsattsarin da kika yanke ki binne su inda yara da awaki ba za su kai ba. Wuƙar ma kada ta koma kicin sai an wanke ta da sabulu sosai.

Hajiya Uwani Zariya:

Baba ya gama magana a kan ceto. Ni a kan mazubi da ƙasa zan tsaya, domin in kika mayar da ita cikin robar nan da ƙasar nan, aikin banza kika yi.

Robar fenti tana da zurfi, ba ta numfashi, kuma sau da yawa ƙofa ɗaya ko biyu ake huda mata da ƙusa. Sama ta bushe ki zaci ta bushe, alhali ƙasan taɓo ne. Ki nemi kasko ko tukunyar ƙasa mai faɗin baki marar zurfi, wadda ba a shafa mata fenti ba, domin jikinta yana tsotse damshi. Faɗinta ya wuce gindin shukar da kamar yatsu uku ta kowane gefe, kada ya fi haka. Babbar tukunya ga ƙaramar shuka ƙasa ce mai yawa da ke riƙe ruwan da babu mai shan sa. A huda ƙofofi huɗu ko biyar masu faɗin ɗan yatsa, a ɗora tukunyar a kan bulo biyu don ruwa ya sami hanyar fita. Kada a sa faranti a ƙarƙashi.

Haɗin ƙasa, ki auna da gwangwani ɗaya: biyu na yashin kogi mai gautsi, wanda aka tankaɗe aka zubar da laushin, ɗaya na gawayi da aka farfasa kamar girman gyaɗa, ɗaya na ƙananan tsakuwa ko fasasshen jan bulo, ɗaya na ƙasar lambu mai sauƙi. Rairayi mai laushi irin na shafe bai yi ba, yana cushewa ya toshe iska. Ƙasa mai yumɓu kuwa ko kusa. Ga gwaji: ki cika tukunyar ki zuba ruwa kofi biyu. In kafin ki ƙirga goma ya fara zuba ta ƙasa, haɗin ya yi. In ya kwanta a sama yana kallonki, ki ƙara gawayi da tsakuwa.

Wajen dasawa, ƙasar ta kasance busasshiya, kuma wurin da kika fere ya zauna a sama da ƙasa in zai yiwu, iska na bugunsa. Ki tokare ta da duwatsu biyu ko uku tunda saiwarta ta ragu. Kada ki ba ta ruwa sai bayan mako guda, shi ma kaɗan a gefen tukunya. Ta zauna a baranda mai haske har damina ta wuce.

Ban ruwa kuma ba a yi masa ranar dindindin, yanayi ake bi. Ki soka tsinken tsire har ƙasan tukunya ki bar shi minti biyu. Ya fito da sanyi ko ƙasa ta manne masa, ki bari. Ya fito a bushe, ki ba ta ruwa sosai har ya zubo ta ƙofofin, da safe. A bazara, Maris zuwa Mayu, wannan zai iya zama duk kwana biyu ko uku, don a lokacin tana shan ruwa fiye da yadda ake zato. A damina ruwan sama ya isa, a Yuli da Agusta ma ɗauke ta ake yi daga inda indararo ke zuba. Da hunturu, Disamba da Janairu, tana barci, ganye ya zube ta tsaya tsirara. Ba mutuwa ta yi ba. Sau ɗaya a mako biyu ko uku ya wadatar, kuma da hantsi, kada da dare. Sanyi da jiƙaƙƙiyar ƙasa in sun haɗu sun fi marka saurin kashe ta, musamman ga mutanen Jos da wuraren da dare ke sauka kusa da digiri 10.

Maman Ilham:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na fitar da ita na fere. Ruɓewar ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku na gindin, amma na iso fari. Ban sami farar wuta ba, toka za ta yi? Sannan akwai reshe ɗaya da ya karye wajen aikin, tsawonsa kamar taƙi ɗaya. Zan iya dasa shi?

Abu Hanifa Maraɗi:

Hajiya, toka mai tsabta ta itace tana busar da yanka, amma in ta jiƙa takan zama kamar kunu ta riƙe damshi a wurin, kuma tana da zafi. Garin gawayi da aka daka ya yi laushi ya fi ta, ko garin kirfa. Ki shafa siriri kawai. Iska ce ainihin maganin.

Reshen zai kama. Ki gyara bakin karayar da reza ya zama yanka ɗaya mai santsi, ki cire ganyen duka sai biyu na can sama, ki ajiye shi a inuwa kwana biyar zuwa bakwai. Sai ki soka shi zurfin gaɓar yatsa biyu a cikin yashi da gawayi zalla, a ƙaramin mazubi. Ki riƙa ɗan yayyafa ruwa in ya bushe ƙarau. Yakan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu kafin ya yi saiwa, kuma kada ki riƙa zaro shi kina dubawa, sabon ganye ne zai ba ki labari. Da zaɓi ne da an bari sai bazara, don reshe ya fi ruɓewa a damina, amma tunda ya karye babu asara a gwadawa. Haka ake dasa kariya a shingen gidaje da gonaki tun da can, a sari reshe a kafa.

Abu biyu ki sani. Wadda aka dasa daga reshe tana fure iri ɗaya da uwarta, amma ba ta yin ƙaton gindi mai siffar tulu da wuri, sai bayan shekaru saiwarta ta yi kauri a ƙarƙashin ƙasa. Mai son gindi iri yake shukawa. 'Ya'yanta suna fitowa biyu a haɗe kamar ƙahon sa. In sun kusa nuna a ɗaure su da zare, domin suna fashewa iska ta kwashe irin, kowane ƙwaya da gashi a kai da gindi. A cire gashin, a kwantar da irin a kwance a kan yashi mai damshi, a rufe da ƙasa kaurin rabin santimita. Sabon iri yakan tsiro cikin mako guda in akwai ɗumi, wanda ya daɗe a ajiye kuwa yawancinsa ba ya fitowa. Sai dai irin mai ninki ba ya bin uwa, galibi fure mai ganye biyar ruwan hoda zai ba ki. Shi ya sa masu ninkin, waɗanda aka fi fitar da su daga Tailan da Taiwan, aure ake yi musu a kan gindin ta iri.

Tunda taki mai aure ce, ki duba inda aka haɗa, za ki ga tabo kamar zobe ko kamar bakin kibiya a jikin reshe. Duk tohon da ya fito a ƙasa da wannan tabon na gindin ne, ki cire shi tun yana ƙarami, in ba haka ba zai rinjayi na saman ki rasa furen da kika saya. In ma Allah Ya sa gindin nan bai tsira ba, rassan sama masu lafiya ana iya yanko su a aura wa wani gindin.

Baba Mai Lambu:

Saura tambayarki ta fure. Bana ki cire rai, ki bar ta ta warke. Alamar warkewa ita ce gindi ya yi tauri in an danna, kan rassa kuma ya fito da sabon toho.

Fure rana yake so, aƙalla awa shida tana dukanta kai tsaye. Kariyar da ke inuwa rassanta sukan yi tsawo su yi siriri, ganye ya yi yawa, fure babu. Amma bayan wannan jinyar a hankali za ki fitar da ita, ranar safe tukuna na mako biyu, domin fatar gindin da ta saba da rufi tana ƙonewa ta yi fari.

A kan sabon toho take fure, saboda haka aski yana ƙara shi. Ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, da sanyi ya tafi, a rage dogayen rassa a bar kamar santimita 10 zuwa 15 sama da wurin auren. A yi yankan a karkace don ruwa kada ya kwanta, a bar shi ya bushe. Kowane reshe yakan fito da biyu ko uku. Ba a aski a damina ko a tsakiyar sanyi. Kariyarki ba za ta kai wannan aski a Maris mai zuwa ba sai in ta murmure sosai, in kina shakka ki ƙara mata shekara.

Taki kuwa, daga Maris zuwa Oktoba, rabin ƙaramin cokali na kamfa 15-15-15 a narka a ruwa lita biyu, sau ɗaya a wata, a kan ƙasa mai ɗan damshi. Yuriya ki bar wa masara, ganye kawai za ta tara miki da rassa masu taushi da ƙwari ke so. Kashin awaki da ya shekara ya zama gari ana iya barbaɗa cokali biyu a sama, nesa da gindi. Ɗanye ko kashin kaji yana ƙona saiwa.

Ki riƙa leƙa bayan ganye da kan toho. Akwai 'yan ƙwari rawaya masu taruwa a kan fure suna tsotsa, irin waɗanda ake gani a jikin tumfafiya, dangi ne ai su biyun. Akwai farare masu kama da auduga da ke ɓuya a hammatar ganye, tururuwa na hawa da sauka wurinsu. Ƙaramin cokali ɗaya na man darbejiya da rabin cokali na sabulun ruwa a lita ɗaya, a girgiza a fesa da yamma bayan rana ta yi sanyi, a maimaita bayan kwana bakwai har sau uku. Fararen in ba su da yawa auduga da sipirit ta isa a goge su. Da rani in ganye ya yi ɗige-ɗige kamar an watsa masa ƙura, da siririn saƙar gizo a bayansa, a wanke bayan ganyen da ruwa mai ƙarfi da safe, kwana uku a jere. Koriyar tsutsa mai kaurin yatsa kuma tana iya cinye ganyen reshe a dare ɗaya. Za ki fara ganin baƙin kashinta a bakin tukunya kafin ki gan ta, ki bi reshen da ke sama da wurin ki cire ta da tsinke.

Maman Ilham:

Na shafa garin gawayi, na rataye ta a baranda nesa da yara. Gobe in sha Allahu zan aika a sayo kasko da yashin kogi. Nan da kwana goma zan sa hoton yankan ku duba mini kafin in dasa.