Vape da Hausa: ni dai na tsaya a kan "sigarin lantarki"

Jama'a, ana ta kai-kawo a kan sunan da za mu ba 'yar na'urar nan da matasa ke zuƙa, wadda Turawa ke kira vape. Sunayen da suka fi yawo su ne tabar zamani, sigarin tururi, shishar aljihu da sigarin lantarki. Kafin a zaɓa, a san abin tukuna.

Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙera irin wadda ake yayi yanzu a 2003. Batir ne a ciki yake ɗumama wata siririyar waya, ita kuma ta dafa wani ruwa mai yauƙi da aka haɗa da gilisirin da kayan ƙamshi, na mangwaro ko na na'a-na'a, sannan a mafi yawansu akwai nikotin. Ba a ƙona ganye, babu toka. Amma nikotin ɗin shi ne dai wanda ke kama mashayin sigari ya kasa bari, kuma galibi daga ganyen taba ake tatso shi.

"Tabar zamani" ita na fara ajiyewa gefe. In Bahaushe ya ce abu na zamani ne, ya yabe shi ke nan. Yaron da ke son a ce ya waye, da ya ji wannan suna an gama yi wa kamfani talla kyauta.

"Sigarin tururi" ya fi ba ni tsoro. A gidajenmu tururi magani ne, shi ake surace da shi in mura ta kama mutum. Duk uwar da ɗanta ya ce mata "Umma, ai tururi ne kawai" za ta ɗauka ruwa ne zalla, alhali ƙananan ɗigon sinadarai ne ke shiga har cikin huhu.

"Shishar aljihu" yana da daɗin faɗa, kuma ya yi kusa da "shisha fen" da ake ji a shaguna. Sai dai shisha abu ne daban: gawayi ake ɗorawa a kan taba, hayaƙin ya bi ta cikin ruwa. In likita ya tambayi mara lafiya ko yana shan shisha, yana bukatar ya san wanne ake nufi.

Abin da ya sa nake matsawa a tsayar da suna ɗaya shi ne yadda masu binciken lafiyar al'umma ke aiki yanzu. Da kalma suke farauta. Sukan zaɓi sunayen kayan, kwamfuta ta tattaro musu dubban rubuce-rubuce daga shafukan sada zumunta irin su X (Twitter a da) da Instagram da Reddit, su duba wa ke talla, wane ƙamshi ke jan yara, wace ƙarya ke yawo. Ta irin wannan hanya aka bi sawun tallan kamfanin JUUL mai yin wannan na'ura, wanda ya fito a Amurka a 2015 da hotunan samari da 'yan mata cikin nishaɗi, har ya rufe shafukansa na Facebook da Instagram a 2018 bayan hukuma ta matsa masa. Mu kuwa wannan ya rubuta "bef", wancan "shisha fen", wani ya bar shi da Turanci. Ɗalibin Jami'ar Bayero da ke son gano abin da matasan Kano ke faɗa a TikTok, da wace kalma zai nema?

"Sigarin lantarki" bai yabe shi ba, bai wanke shi ba. Kowa ya san sigari, ya san ba a miƙa wa yaro, kuma dokar taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Yana kuma shiga jimla ba tare da wahala ba: yana shan sigarin lantarki, mashaya sigarin lantarki, ta daina sha. Wani zai ce wasu ba su da siffar karan sigari, sun fi kama da kwalbar turare. Gaskiya ne, amma aikinsu muke raɗa wa suna. Nikotin kuwa a bar shi nikotin, ba sai mun ƙago masa wani ba.

Saura ɗaya da ba mu taɓa ba: ƙananan fararen jakunkunan nikotin irin Zyn da Velo, da ake cusawa tsakanin leɓe da dasashi, ba hayaƙi ba tofi. Ni na kawo "ƙullin nikotin". Malaman Hausa da ma'aikatan asibiti, in kuna da wanda ya fi shi, bismillah.