"Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka": da wa take magana, masu taimako ko mai ɗakin?

Malam Iliya:
Salama a gare ku 'yan'uwa. A ikilisiyoyin da ke sujada da Hausa, ko ECWA ne, ko COCIN, ko EYN, ko HEKAN, da wuya a tashi tara gudummawa ba a jawo wannan karin magana ba. Kullum kuma masu bayarwa ake nufi da ita: ku kawo, ku sa hannu. Ni a ganina mun riƙe rabinta ne kawai.

Ku tuna yadda ake aikin. A ƙasa ake haɗa tsaiko, a ɗaure tanka zagaye bayan zagaye, a yanta ciyawa. Wannan duk mai ɗaki yana iya yi da 'ya'yansa. Ɗorawar ce ta fi ƙarfinsa. Ranar nan maza za su kewaye tsaikon, kowa ya kama gindin sanda, wasu su shiga cikin ɗakin da gwafa don su tarbe shi, mutum ɗaya ya ba da murya a ɗaga lokaci guda. In gefe ɗaya ya riga ɗaya tashi, tsaikon ya karkace, tanka ta tsinke, ko bakin katanga ya gutsure. To wa ya tara mutanen nan? Mai ɗakin ne ya bi gida gida ya ce, ranar kaza da safe zan ɗora jinka. In ya ji kunya bai faɗa ba, jinkar tana nan a ƙasa, gara ta shige ta, damina ta same shi ba rufi. Don haka nake cewa da mai ɗakin karin maganar ta fara, kafin ta kai ga maƙwabta. Me kuka gani?

Ishaku:
Malam, na ji bayaninka, amma Bahaushen da ya faɗi wannan shi ne kuma ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ba a banza ya faɗa ba. Mai aron gatari ba ya sara sai lokacin da mai shi ya ga dama. Littafi Mai Tsarki ma bai bar mu a duhu ba: a 2 Tasalonikawa 3:10 Bulus ya ce wanda ya ƙi yin aiki kada ya ci, shi kansa kuma ɗinkin tanti ya yi tare da Akila da Biriskila a Koranti don kada ya nauyaya wa kowa. Ina tsoron in muka dinga koya wa mutane karɓa, za mu wayi gari da majami'a cike da masu miƙa hannu.

Mai Bishara Dauda:
Ɗan'uwa Ishaku, karin maganar biyu ba kishiyoyi ba ne, kaya iri biyu suke aunawa. Gatari abin hannu ɗaya ne. Jinka ba ta hannu ɗaya ba ce. Ka buɗe Galatiyawa 6. Aya ta 2 ta ce mu ɗauki nauyin juna, aya ta 5 ta ce kowa zai ɗauki nasa kayan. Mai karatu da sauri sai ya ce sun saɓa. A Helenanci kuwa kalmomi biyu ne daban: ta aya 2 nauyi ne mai danne mutum, ta aya 5 kayan da aka ɗora wa mutum ya ɗauka da kansa. Noman gonarka, ciyar da gidanka, wannan gatarinka ne. Aikin tiyata da ya faɗo da tsakar dare, gobara, mutuwar mai gida da yara biyar a ƙasa, wannan jinka ce.

Bulus ɗin da ka ambata ya karɓi kyautar ikilisiyar Filibi, ba sau ɗaya ba, ya kuma rubuta ya gode musu a sura ta 4. Ubangiji kansa, Luka 8 ta nuna mata irin su Maryamu Magadaliya da Yuwana da Susana ne suke yi masa hidima shi da almajiransa daga abin hannunsu. Wanda ya ƙi karɓa a Yohanna 13 Bitrus ne, lokacin wankin ƙafa, kuma amsar da ya samu mai tsanani ce: in ba a wanke shi ba, ba shi da rabo da Ubangiji. Bitrus yana ganin ladabi yake yi, amma ƙin nan nasa ya kusa raba shi da abin da ya fi bukata.

Mama Rifkatu:
Duk ayoyin nan gaskiya ne, amma 'ya'yana, ku bar ɗora wa mabukaci laifi shi kaɗai. Yawancin masu ƙin taimako ba girman kai ke damunsu ba, gori suke gudu. An ba mace tiya biyu ta masara, ranar Lahadi a karanta sunanta a sanarwa, ranar Talata a taron Zumuntar Mata wata ta dubi sabon zanenta ta yi shiru irin wanda ya fi magana. Wadda ta ga an yi wa wata haka, ko yunwa za ta kashe ta ba za ta buɗe baki ba. Matiyu 6:3 ta ce kada hagu ta san abin da dama take yi, mu kuwa har lasifika muke sa wa.

Ga yadda ya kamata a yi in ana so a karɓa. Mutum biyu kawai su je, kada su wuce haka, ɗaya daga cikinsu wadda matar ta saba da ita. A je da yamma a tsakiyar mako, ba bayan tashi daga sujada ba da idon jama'a. Kada a tambaye ta "Kuna da abinci?" domin amsar da za ta bayar an san ta: "Mun gode Allah." A zauna a tsakar gida, a dubi murhu. In rana ta yi sanyi toka ba ɗumi, tukunya a kife, yara suna zaune ba mai wasa, an riga an sami amsa. Tambayar da take aiki ita ce, "Mudu nawa kike tuƙawa a rana?" Wannan tambayar girki ce, kowace mace za ta amsa ba tare da ta ji an tona mata asiri ba. In ta ce mudu biyu, kun san wata guda mudu 60 ne. Ku kawo abin da zai kai wata, da kuɗin niƙa, da ɗan manja ko man gyaɗa, gishiri, daddawa da kuka. Hatsi tsura ba kuɗin niƙa ba kayan miya, sau da yawa sai ta sayar da wani ɓangare da araha don ta iya dafa sauran, daga baya a ce ta sayar da kayan ikilisiya. A littafin ma'aji a rubuta adadi da rana, sunan kuwa ya tsaya tsakanin fasto da mutum biyun nan.

Saratu:
Mama, kin taɓo inda yake ciwo. Ni ɓangaren mai karɓa zan ƙara, domin shi ma akwai abin koyo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In 'yan'uwa suka ce "In akwai abin da za mu yi ki faɗa," kada a amsa da "Ba komai." Kada kuma a ce "Ku dai sa mu a addu'a" alhali akwai abin da hannu zai iya yi. A faɗi abu ɗaya, da sunansa da lokacinsa: ina bukatar wanda zai kwana da mai jikin a asibiti daren Laraba da Alhamis, ina bukatar wanda zai kai yara makaranta mako biyu, saura kaza a kuɗin makarantar yarinya, ranar kaza za a kore ta. Bukatar da aka yanka ƙanana haka tana samun masu ɗauka. Wadda aka bari dunƙule, kowa sai ya yi juyayi ya wuce, ba don mugunta ba, don bai ga inda zai kama ba.

Sai kuma bayan an karɓa. Wasu washegari za su kama kazar da ta rage musu su aika, wai kada a ce sun ci banza. Wannan mayar da kyauta ciniki ne, yana kuma sanyaya gwiwar wanda ya bayar. "Na gode, Allah ya sāka da alheri" ya isa a ranar.

Ishaku:
'Yar'uwa Saratu, ai abin da ke sa su aika kazar shi ne sun san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wani mai hannu da shuni zai biya maka kuɗin asibiti, ranar zaɓen dattawan ikilisiya kuma ya tsaya yana kallon hannunka.

Malam Iliya:
Ishaku, a nan kalmar "lada" ce mabuɗi. Lada kuɗin aiki ne, an biya wanzami don ya yi aski, ya karɓa ya sani. Kyauta ba lada ba ce. Amma ban ƙi maka ba, akwai masu ba da lada su kira shi kyauta. Maganin wannan ba ƙin taimako ba ne, sauya hanyar da yake bi ne. Babban taimako ya bi ta asusun ikilisiya, kada ya fito daga aljihun mutum ɗaya kai tsaye. In mai bayarwa ya zuba a asusu, kwamiti ya fitar, mai karɓa bai ci ladan kowa ba. Abin da aka yi a Ayyukan Manzanni 6 ke nan: da aka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon yau da kullum, sai aka zaɓi mutum bakwai amintattu aka danƙa musu aikin.

Dattijo Yohanna:
Bari in kawo abin da jinkiri yake jawowa, domin a nan kunya ta fi yin ɓarna. Magidanci ya kwanta ciwo bayan shuka. Masara tana son noman fari cikin mako biyu zuwa uku da shukawa. In ya faɗa a kan lokaci, matasan ikilisiya goma sha biyar da fartanya za su yi masa gayya da safiyar Asabar su gama kafin rana ta take, abin da gidansa zai fitar bai wuce kunu ko ruwan sha ba. In ya yi shiru har mako shida, ciyawa ta riga ta shanye takin, masarar ta yi rawaya ta tsumbure, ko an nome ba za ta dawo yadda take ba. Aikin safiya ɗaya ya zama ciyar da gida har kaka ta zagayo. Wanda ya yi shiru don kada ya nauyaya wa 'yan'uwa, a ƙarshe kayan da ya ɗora musu ya ninka. Haka yake a ciwo, haka yake a bashi mai ruwa da ake ci a ɓoye a watan Yuli da Agusta lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Game da tsoron Ishaku, akwai ƙa'idoji da suke tsare kowa. Tun ranar farko a faɗa da baki ko kyauta ce ko rance. Rashin faɗar nan ya raba gidaje da majami'a: kwamiti yana jiran a biya, mutumin yana ganin an ba shi ne, sai ya fara zama a bencin baya, daga nan a daina ganinsa. In rance ne, a rubuta adadi da lokacin biya, ba ruwa a kai, a daidaita biyan da kaka ko ƙarshen wata. In kuɗin asibiti ne ko na makaranta, wani daga kwamiti ya raka mai bukata a biya a wurin, a karɓi rasit. Wannan ba rashin yarda ba ne, kariya ce gare shi, domin kuɗi in ya kwana a gidan da ake yunwa, wata bukatar za ta cinye shi. Taimakon abinci kuma a sa masa wa'adi, a ce wata uku, sannan a sake zama a duba. Ko 1 Timoti 5 ta bambanta gwauruwar da ba ta da kowa da wadda take da 'ya'ya ko jikoki, ta ce su fara ɗaukar nauyinta.

Ishaku:
Baba, in da wa'adi da rubutu, na yarda da mafi yawan abin da aka faɗa. Inda nake tsaye har yanzu shi ne, mai ɗakin ya haɗa tsaikonsa kafin ya kira mutane. Kada a kira mu ɗaukar jinka mu tarar ko ciyawa ba a yanka ba.

Mai Bishara Dauda:
Ga mai lafiya, haka ne. Amma ka tuna shanyayyen nan na Markus 2 da mutum huɗu suka ɗauko, suka buɗe rufin gida suka zura shi gaban Yesu. Ba abin da ya haɗa. Abin da ya yi kawai shi ne ya yarda aka ɗauke shi a kan shimfiɗarsa a gaban taro, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga babban mutum. Akwai lokacin da ko ciyawar ma sai an yankar wa mutum.

Mama Rifkatu:
Maganar babban mutum ta tuna mini, maza sun fi mata wuyar karɓa, kuma kuskuren da ake yi shi ne a bi ta wurin matarsa a ɓoye. In ya gano, faɗan a kanta zai sauka. Namiji sa'ansa ko wanda ya girme shi ya kamata ya same shi, su biyu, a gona ko a bakin shago, ba a gaban iyalinsa ba. A kuma bar masa abin da zai riƙe: shi zai sa ranar gayya, shi zai nuna gonar da za a fara.

Na makoki ma a gyara. Kwana ukun farko kwanuka sun cika gida har abinci yana lalacewa, bayan mako biyu baƙi sun watse, ba mai leƙowa, a lokacin ne kuma gwauruwar ta fi bukata, ga shi ba za ta aika a kira kowa ba. Shugabar Zumuntar Mata ta raba mata gida gida tun ranar jana'iza, kowane gida da ranarsa, sau biyu a mako har wata uku. A faɗa wa gwauruwar ranakun da sunayen masu zuwa, don ta san ranar Talata da Juma'a ba sai ta hura wuta ba.