Injin niƙa na ruwa: zai yi aiki a Kabi?

Manomin Argungu:
Assalamu alaikum. Kuɗin niƙa yana hawa da farashin man dizal, ga gulbi yana wucewa a bayan gari. An ce a dā wasu ƙasashe da ruwan kogi suke niƙa hatsi. Yaya abin yake, kuma me ya sa kakanninmu suka tsaya ga turmi da dutsen niƙa?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Abin ya haura shekara 2,000. A Barbegal, kusa da Arles ta kudancin Faransa, Rumawa sun jera wili 16 a gangaren tudu a ƙarni na 2, takwas a kowane gefe, ruwan da ya juya na sama ya zubo wa na ƙasa. Ƙidayar da Sarki William ya sa aka yi a Ingila a 1086 ta samu injinan niƙa na ruwa fiye da 5,000. Na ƙauye iri biyu ne. Akwai mai farfela a kwance, sanda ɗaya daga farfela zuwa dutse, babu giya, wato faifai masu haƙora da ke juya juna. Har yanzu ana ganinsa a duwatsun Atlas na Maroko da ƙauyukan Nepal. Akwai mai wili a tsaye, wanda sai da giya. Injin tururi da injin niƙa mai rola na ƙarfe ne suka kashe kasuwarsu a ƙarshen ƙarni na 19.

Injiniyan Yawuri:
Malam ya kawo tarihi, ni ga lissafi. Yawan ruwa kaɗai ba ya niƙa, sai da tsawon faɗowarsa. Lita 100 a daƙiƙa, daga tsayin mita 3, tana ba da kusan kilowat 3. Wilin da ruwa ke zubo masa ta sama yana kama wajen kashi 60 cikin 100 na wannan, wato ƙarfin doki biyu da ɗan ɗoriya. Wanda ruwa ke turawa ta ƙasa da ƙyar ya kama kashi 30.

Nan matsalarmu take, ɗan'uwa. Daga Argungu zuwa Birnin Kebbi fadama ce shimfiɗaɗɗiya, babu inda ruwa zai faɗo mita uku. A ƙasar Zuru akwai gangare, amma rafukan na damina ne. Lokacin da rumbu ya cika da gero, bayan kaka, shi ne lokacin da ruwan ke janyewa. Da damina kuma ambaliya ta ɗaga ruwan ƙasan wili, ya nutse ya ƙi juyawa, yashi ya cike magudana. Ba rashin dabara ya hana mutanen dā ba. A ganina wurin da ya cancanci a auna shi ne hanyoyin ruwan noman rani na dam ɗin Bakolori a Talata Mafara, inda ruwa ke sauka mataki-mataki, in hukuma ta yarda.

Mai Inji Gusau:
Ku ƙara da zancen dutse, don shi ke cin mutum. Biyu ne: na ƙasa a kafe, na sama ke juyawa. Faɗinsu wajen mita 1.2, na sama yana zagaye kusan 120 a minti alhali wilin bai wuce 10 ba, giya ce ke ninka gudun. Haƙoranta na katako ake yi da gangan, in wani abu ya cije haƙori ɗaya ya karye, ba sandar ba. Fuskar dutsen tana da kwarmi-kwarmi da ke yanka ƙwaya su tura gari waje. In ta yi sulɓi sai an ɗaga an koɗa ta, kamar yadda iyayenmu mata ke yi da makoɗi, in ba haka ba gari ya yi zafi ya yi ƙauri. Kada a bar mazurari babu hatsi: dutse ya goge dutse, tartsatsi ya tashi, ƙurar gari kuwa tana kama wuta. Surfaffen gero mai danshi yana liƙe kwarmin, sai ya bushe sosai. Markaɗen wake ko na kunu ba aikinsa ba ne.

Malamin Tarihi:
Injiniya, ga Yawuri fa? A shekara ta 537, da aka yi wa birnin Rum ƙawanya aka datse masa hanyoyin ruwa, Belisarius, kwamandan da ke kare birnin, ya ɗaure jiragen ruwa a kogin Tiber, wili a tsakaninsu, igiyar ruwa tana niƙa.

Injiniyan Yawuri:
Wannan yana son ruwa mai gudu, aƙalla mita ɗaya a daƙiƙa. Tun da aka datse kogin Kwara a Kainji a 1968, ruwan Yawuri ya zama tafki. Sai dai a jefa gora can sama wajen Bagudo, a auna mita nawa take ci a minti.