Neman shawara kan zirga-zirga da tasi a Alƙahira

Assalamu alaikum. Kwana 9 ke nan da na kawo mahaifina Alƙahira domin a duba masa gwiwa, kuma har yau ban samu mafita ba a kan maganar mota. Masaukinmu yana Madinatu Nasr, asibitin kuwa yana Dokki a tsallaken kogin Nilu, saboda haka kusan kullum sai mun bi Gadar 6 ga Oktoba da cunkosonta.

Direbobin farar tasi da na tara, da zarar sun ji harshena sai su ce mita ta lalace, su yanka kuɗin da suka ga dama. Na koma kiran mota ta manhajar waya, amma direban yakan bugo yana tambayar inda muke tsaye da Larabcin Masar, wanda ya yi nisa da na Islamiyya da na koya, har ya gaji ya soke tafiyar. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fi araha, sai dai Baba ba ya iya jure tsayuwa da turereniya.

Ɗalibai da sauran 'yan'uwa mazauna birnin, shin ya fi dacewa in yi yarjejeniya da direba ɗaya na tsawon mako 3 da suka rage mana, kuma ta wace hanya ake samun amintacce? Ko kuwa mu nemi masauki kusa da asibitin?