MOSFET na kwanturolar keke mai lantarki na yawan ƙonewa

Tambaya: Assalamu alaikum, injiniyoyi. Kwanturola ce (na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa injin keken) mai 60V, MOSFET ɗinta (ƙananan makunnan lantarki da ke kunna da kashe wutar injin) na ƙonewa idan keken ya hau tudu da kaya. Me ke jawo haka?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Malam, duba lambar jikinsu. Batura biyar masu 12V kan kai 65V bayan caji, ga tsallen wuta a kowace kunnawa da kashewa. In MOSFET mai lamba 75NF75 ne, iyakarsa 75V, tazarar ta yi kaɗan. Sa IRFB4110 mai 100V.

Amsa ta 2: Zafi na fi zargi. A tudu injin na juyawa a hankali, wuta mai yawa na ratsa MOSFET ɗin. Goge tsohon man sanyayawa da ke tsakaninsu da ƙarfen da ke ɗauke zafi, shafa sabo siriri, ka ɗaure kusoshin sosai.

Amsa ta 3: Kada a canza guda ɗaya, canza duk na layin. Auna resista da direban get ɗin (sassan da ke ba MOSFET umarnin kunnawa da kashewa), in sun lalace sababbin ma za su ƙone nan take.